Rumfar Butikin Baba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka cire wa rumfar butikin babana tokare ba, ko da na so mantawar, don 'yan Arlit ba za su bar ni ba.

Lokacin na gama shekarar farko ta karatun gine-gine a Yamai, na zo bakans, wato dogon hutu, kaina ya kumbura. Baba kuwa an rufe kamfanin haƙar ma'adinin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa wa kamyo, babbar motar kaya, sai ya gina ɗan butiki, wato shago, a ƙofar gida. Abin da ya rage masa na alfahari a duniya biyu ne, butikin nan da ni. Ko ruwa zai aike ni, sai ya ɗaga murya maƙwabta su ji: “Injiniya, miƙo min buta.”

Ya ce yana son rumfar kankare a saman ƙofa, inda tsofaffin abokan aikinsa za su riƙa shan shayi, zai kira magini. Na ce haba Baba, magini ina gidan? Na ƙara da cewa ko ginshiƙi ba za mu sa ba, daga bango za ta fito ta tsaya da kanta kamar ta ofisoshin Yamai.

Na tara tsofaffin direbobin nan na yi musu lacca. Na ɗauko soson katifa, na ɗora bakinsa biyu a kan bulo, na danna tsakiya. Na ce su duba, sama ya matse, ƙasa ya miƙe. Kankare yana jure matsi amma ba ya jure ja, saboda haka ƙarfe a ƙasa ake shimfiɗa shi. (Gaskiya na faɗa, wallahi. Gaskiyar abin da aka tallafe ta gefe biyu ce, ni kuwa rumfata gefe ɗaya ke riƙe da ita. Wannan babin sai a shekara ta biyu ake koyar da shi, ban sani ba, ban kuma san ban sani ba.)

Baba Agali, aminin babana, Buzu ne na Gugaram, ya jinjina kai ya ce, “Issufu, yaron nan taka ya sha karatu.” Baba ya yi murmushi har kunne. Su da kansu suka kwaɓa siminti, masu ciwon baya da masu tari, ina tsaye da hannu a aljihu ina nuni da baki.

Da ta bushe, Baba ya gayyaci kowa. Aka yanka akuya. Ya ce ni zan buge itacen tokare na ƙarshe da hannuna. Na buge, na juyo ina jiran tafi.

Sai na ji ƙas, kamar an karya rake. Tsaga ta buɗe a sama, daidai inda rumfa ta haɗu da bango, inda ban sa ko tsinken ƙarfe ba. Rumfar ta sunkuyo a hankali, ta rataya a jikin ƙarafan nan nawa na ƙasa, ta rufe ƙofar butikin ruf. Allah Ya tsare babu kowa a ƙarƙashi, sai butar shayin Baba Agali da ta zama faranti.

A nan take na gane, nauyi yana jan bakin rumfa ƙasa, don haka samanta ne ke miƙewa. Ilmin ya zo min cif, bayan ya gama cin mutuncina.

Babu wanda ya yi dariya, da ma sun yi da na fi samun sauƙi. Suka riƙa cewa “Allah Ya kiyaye gaba,” suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, naman ko taɓa shi ba a yi ba. Baba ya daɗe yana kallon ƙofar da kayansa ke bayanta, sannan ya ce, “Je ka aro mana guduma wurin Agali.” Da sunana na yanka ya kira ni, ba Injiniya ba.

Mun yi kwanaki muna fasa rumfar. Yanzu rumfar kwano ce a wurin, a kan sanduna biyu.

Na koma Yamai, darasin farko da mushe, wato malaminmu, ya buɗe da shi shi ne abin da gefe ɗaya ke riƙe da shi. Ya tambaya wa ya taɓa ganin irinsa, na sunkuyar da kai. Tun daga nan, kafin in ce ga inda ƙarfe zai zauna, sai na fara tambayar me ke riƙe da abin.

Yau ina da takardar shaidar karatuna, kowa a Arlit Injiniya yake ce min, wasu da gaske, wasu da shaƙiyanci. Mutum ɗaya nake jira ya sake faɗa, shi kuma har yanzu da sunana yake neman buta.