Ranar da Ɗalibaina Suka Auna Sufeto da Kara

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da iyayina ya kusa kai ni ƙasa, a wata firamare da ke Kaura Namoda. Na dawo daga bita kaina ya kumbura. An koya mana cewa a bar yara su gano lissafi da kansu, malami ya koma gefe yana lura. Ni kuwa na ɗauki abin da zafi, har na fara bincike a kan 'yan aji ɗayana (ina ce wa abokan aiki "mu masu bincike", Allah Ya yafe mini).

Sai aka turo sufeto, wani dattijo, ya ga darasina. Rahotonsa ne zai sa a bar ni in ci gaba ko a hana ni. Darasin awo ne. Na raba wa yara karan dawa, na ce, "Ku fita ku auna duk abin da kuka ga dama. Ba ruwana!"

Bawan Allah ya sha babur tun daga Zurmi, bayansa ya ƙage, sai ya miƙe a tabarma gindin darbejiya kafin yara su gama. Barci ya sace shi.

Ina baranda ina jin daɗin kaina, sai na ji salati. Na ruga. Ashe sufeto ne ya farka! Yarana sun kewaye dattijo, sun shimfiɗa dogon kara daga kansa zuwa diddige, wata mai suna Hassu har ta karye abin da ya yi saura.

"Mi kuke yi haka?" in ji shi.

Hassu ta ce, "Awo, Baba. Haka aka yi ma kakana, aka kai ma masu ginan kabari."

Innalillahi! Na nemi ƙasa ta tsage. Na durƙusa ina "Baba, a yi haƙuri". Shi kuwa ya karɓe karan, ya kakkarya shi gutsi-gutsi yana addu'a, ya hau babur ko ruwa bai sha ba.

Rahoton ya zo, ban tsira ba: an ce in koma allo da alli. A ƙasa ya ƙara da cewa awon dai daidai yake.

Tun daga ranar, idan zan ce wa yaro "duk abin da ka ga dama", sai na fara leƙawa in tabbatar ba wanda ke kwance.