Aibin Gidan Sharu

"Lafiya lau, shigo in ƙafar taka ta yarda. Ya Rano? Ya zaman banza?"

Haka Iya Halimatu ta tari jikanta Sadisu, ko sallamarsa bai gama direwa ba. Tana zaune a gindin lemun tsamin tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ido a lumshe, hannu ne kawai ke aiki. La'asar ta yi sanyi, hadari yana haɗuwa a hankali a bayan duwatsun Rurum.

Sadisu dillalin gidaje ne. Wata tara ke nan da baffanninsa suka damƙa masa gidan kakansa, marigayi Sharu, ya sayar a raba gado, a ɗauke Iya a kai ta Kano wurin Baffa Munzali, inda aka gyara mata ɗaki mai tayil da fanka. Gida ya ƙi sayuwa. Ranar Juma'a za a zauna ya faɗi dalili, in kuwa dalilin bai gamsar ba, Baffa ya ce zai kawo dillali daga birni ya karyar da shi cikin mako guda. Sadisu ya zo da wata magana a cikinsa, amma da ya shaƙi ƙamshin lemun nan sai ya ji zuciyarsa ta yi taushi. A wannan inuwar aka yaye shi.

"Amarya, zaman banza kuma? Ni da nake yawo rana tsaka ina nema miki mai raba ki da kangon nan?"

"A kangon aka haifi ubanka. Zauna, ka tare mini iska. Miji ke nan, wata tara ya kasa sayar da ɗaki huɗu da rijiya. Da ƙosai na aza maka ma da ya kwana."

"To ai shi ya kawo ni. Jibi za a titsiye ni a tambaye ni dalili. Ke da kike kwana a ciki, me kike gani ya hana?"

Ta buɗe ido ɗaya ta dube shi. "Tsada. Kun sa masa kuɗi kamar gidan gwamna. Kowa ya ji sai ya ja da baya."

"Haka na zata da fari. Sau biyu muna ragewa, ko tayi ba a yi ba. Kuma ga gidan Malam Dalhatu nan jikin katangarki, bai kai wannan ba, ya fi shi tsada, mako uku aka sallama. In tsada ce, me ya sa ba ta kama shi ba?"

"To babu ce. Tun da mai ya tashi mutane ta cikinsu suke yi. Wa zai sayi gida bai sayi masara ba?"

"Nan kin taɓo gaskiya, tsohuwa, ban san da sauran ƙwaƙwalwa a ƙarƙashin furfurar ba. Da ina sayar da gida uku huɗu a wata, yanzu in na samu ɗaya sai na yi alwala na gode wa Allah. Amma babu tana hana mutum zuwa ne. Nan kuwa mutum goma sha ɗaya na turo, da kuɗinsu a aljihu, har da manoman da suka yi sa'ar shinkafa. Duk sun shigo, ba wanda ya dawo ya taya."

"Siminti ne," in ji ta, ta jefa ɓawo gefe. "A rediyo na ji. Siminti ya tashi, gidaje suka tashi."

"Iya, gidan ƙasa ne. Simintin da ke gidan nan bai wuce na bakin rijiya ba."

"To tabaranka ne."

"Tabarau kuma?"

"Wannan baƙin da kake toshe ido da shi kamar mai gyaran ƙarfe. Na lura sarai. Watan da ka fara sa shi, watan kasuwa ta tsaya. Wa zai miƙa dukiyarsa ga mutumin da ba a ganin idonsa?"

Sadisu ya cire tabarau ya duba shi, ya fashe da dariya. "Ai a watan ne haƙorinki na gaba ya faɗi. Sai mu ce shi ya tsayar da kasuwar gidaje daga nan har Kibiya? A nemo shi a mayar, ko ma samu ciniki."

"Haƙorina ya yi shekara saba'in yana aiki kafin ya huta. Kai me ka yi?"

Iska ta kaɗo, furen lemu ya zubo cikin ƙwaryar gyaɗa. Iya ta bi shi da kallo, muryarta ta yi ƙasa kamar mai magana cikin gyangyaɗi.

"Ni fa abin da ban gane ba, gidajen sun ƙi sayuwa ne don sun yi tsada, ko sun yi tsada ne don masu su ba sa son saki? Mutum ya ji maƙwabcinsa ya ambaci miliyan, shi ma sai ya ambata, ya koma ya kwanta a ɗakinsa. A baki yana sayarwa, a zuci ya kulle ƙofa."

Sadisu ya gyara zama. Bai yi zaton ita da kanta za ta kawo shi bakin maganar ba.

"Madalla da amarya. Shekaranjiya a kasuwar Kibiya na gamu da Alhaji Sagiru na Zurgu, wanda na turo ya ga gidan nan watan jiya. Yana hango ni ya tsallaka layin 'yan barkono. Sai da na bi shi na riƙe masa riga."

Hannun Iya ya tsaya a kan gyaɗa. "Mutumin kirki. Ya sha furata kofi biyu."

"Ya faɗa mini. Ya ce kin shimfiɗa masa tabarma, kin dama fura, kin zauna tun azahar har la'asar kina jero masa aibin gida."

"To ƙarya zan yi? Malamarmu ta Islamiyya ta karanta mana, haramun ne ka sayar da abu ka ɓoye aibinsa. Ku dillalai ne ba ku zuwa karatu."

"An ce a faɗi aibi, ba a ce a yi masa tafsiri ba. Kin ce soro yana yoyo."

"Yana yi, in ba a yi yaɓe ba."

"Kowane soro haka yake. Kin ce ruwan rijiya yana zubar da haƙori."

Ta buɗe baki ta nuna masa giɓin. "Ga shaida."

"Kin ce tattabarun Sharu da aka sayar shekara shida suna dawowa kowace asuba su zauna a kan zanko suna kiran sunansa."

"Suna dawowa. Abin da suke cewa kuwa, kowa da kunnensa."

"Kin ce in hadari ya taso ana jin ƙamshin turarensa a zaure. Kin ce duk wanda ya kwanta a ɗakin gabas sai ya yi mafarkin wani dogon tsoho ya shigo yana kakkaɓe rawani yana tambayar ina butarsa. Alhaji Sagiru ya ce da takalmi ɗaya ya isa bakin titi."

"Yana nan a zaure, na ajiye masa."

Sadisu ya so ya yi dariya, sai ya ga ita ba ta yi ba. Tana kallon ƙofar ɗakin gabas, fuskarta ta saki, kamar ta hango wani yana tahowa daga nesa.

"Ban yi masa ƙarya ba, Sadisu. Yana zuwa. Ba kullum ba, an fi ganinsa farkon damina. Ya shigo ya zauna a bakin gado, ya ce, 'Halima, an yi shuka?' In ce an yi. Ya ce, 'To madalla.' Shi ke nan fa, ba ya daɗewa. Bara da Munzali ya kai ni Kano ganin likita, kwana goma sha biyu na yi a ɗakin tayil ɗin nan, ko sau ɗaya bai zo ba. Ina zai gane hanya? Mutumin da ko yana raye in ya shiga birni sai an nemo shi."

Tausayi ya kama Sadisu. Wata tara yana zargin mai da tsada da gwamnati, ashe dalilin yana zaune a gindin lemu yana ɓarar gyaɗa. Ya san in ya faɗi wannan ranar Juma'a, kafin Lahadi an sa ta a mota. Sai ya ɓata fuska da gangan.

"Wato ni ina nan da raina, ina kawo goro duk Juma'a, ashe tsohon nan zagayowa yake ta bayan gida? Wannan ai cin amana ne."

"Yo kai me za a yi da kai? Shi ya gina ɗaki huɗu da hannunsa. Kai ko akurki ka taɓa ɗorawa?"

"Na ji. An kayar da ni." Ya ciro ƙunshin goro daga aljihu ya ajiye mata a kan zani. "Jibi zan ce musu kasuwa ta mutu sai kaka, in manoma sun sayar da amfani. Wannan gaskiya ce, ko dillalin birni ya sani. Sauran gaskiyar kuma ba a tambaye ni ba."

"In Munzali ya ce wane dalili?"

"In ce siminti."

"Gidan ƙasa ne fa," in ji Iya, giɓinta a waje.

"Shekararsa talatin a Kano, ya manta. In kuma ya turo nasa dillalin duk da haka, ki dama masa fura."

Dariya ta ƙwace mata har tana share ido da gefen mayafi. Ta fizge hularsa ta cika masa ita da gyaɗa. Sai a lokacin ya lura da wadda take warewa a ƙaramar ƙwarya, manya masu jan fata.

"Iya, wannan ai iri ne. Shuka za ki yi a bayan gida? Tun yaushe kika san ba za a sayar ba?"

"Ci taka ka yi shiru. Ƙananan na ba ka, waɗanda ba za su tsiro ba."

Ɗigon farko ya faɗo a kan ganyen lemu, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi ya cika tsakar gida. Sadisu ya ɗauki ƙwaryar irin ya bi ta da ita zuwa rumfa, ya dubi sama ya ga babur ba zai kai shi Rano ba sai ruwa ya ɗauke.

"Bari in ɗan kishingiɗa a ɗakin gabas kafin ya tsaya."

"Kishingiɗa," in ji ta, tana gyara bakin labule. "Amma ka kwanta ta jikin bango. In ya shigo, ka bar masa bakin gadon."