Kwanciyar Gawa a Gaban Inna

Ba zan taɓa mantawa ba da wata safiyar Asabar a garin Greensboro na Amurka, ranar da na ɗauki mahaifiyata a mota na kai ta har inda zan kunyata kaina. Babu wanda ya tilasta ni. Ni na gayyace ta, ni na nace, har da ce mata ta yafa sabon mayafinta.

Tsakiyar shekarun casa'in ne. Maigidana yana karatun digirinsa na uku a jami'ar da ke gabashin gari, muna haya a wani ɗan gida mai ɗaki biyu bayan titin Wendover, inda ƙarar motoci ba ta ɗaukewa. Na haifi 'yarmu ta fari, Inna ta taso tun daga Malumfashi don ta yi mini wankan jego. Sunanta aka sa wa jaririyar, muna kiranta Ummi.

Ni ce 'yar farin Inna, kuma duk Bahaushe ya san abin da wannan ke nufi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. “Ke” ce ni, ko “waccan”, in kuma ranar ranta fari ne, “yarinyar nan”. Ana yaye ni aka kai ni Zariya wajen Goggo, can na girma. Duk takardar makarantar da na kawo gida, sai Inna ta karɓa ta miƙa wa wani ba tare da ta duba ba. Ranar da za a kai ni gidan miji ma ɗaki ta shige, wai tana neman makullin akwati. Na san kunya ce ta al'ada, har nakan yi wa ƙawayena Turawa bayaninta ina taƙama (“ai mu tamu ƙaunar a ɓoye take”), amma gaskiya abin yana ci mini rai. Da ta sauka Amurka sai na ƙudura cewa kafin bizarta ta ƙare, sai na ji ta yaba mini da bakinta, ko da kalma ɗaya ce.

Aiki kam ta yi mini shi. Ruwan zafin famfo bai gamsar da ita ba, sai ta dafa nata a babbar tukunya, har tururin ya riƙa tayar da na'urar gargaɗin gobara maƙwabta suna leƙowa. Kunun kanwa kullum, gasasshen nama da yaji har sai na yi hawaye. Ita da surukinta kuwa wasan ɓuya suka yi ta yi a gidan da bai fi taku kaɗan ba, yana gaishe ta daga bayan ƙofa, tana amsawa tana fuskantar bango. Ummi ce ta kwashe duk kirari da rawar kai. Ni rabona shi ne, “Ke, tashi ki sha tun da zafinsa.”

Bayan arba'in bayana ya ƙi saki, ga hawan jinin da ya same ni wajen haihuwa bai gama sauka ba. Wata nas ta ba ni shawarar in gwada yoga. Ajin yana wani ɗaki mai daɓen katako a saman shagon gyaran kekuna, ba nisa da mu. Mai koyarwar, Malama Judi, dattijuwa ce mai furfura, amma tana lanƙwasa jiki kamar ba ta da ƙashi. Yawancin ɗalibanta matan Irving Park ne, unguwar masu hannu da shuni, kowace da shimfiɗarta ta roba a naɗe a hammata. (Ranar farko da zani na je. Abin da ya faru da zanin nan wani labari ne, ya isa in ce washegari na sayi wando.) In suka fara gunjin nan nasu na buɗe aji, ni sai in yi ta istigfari a zuci, kowa da abin da ya iya.

Amma na ji daɗin wurin. Malama Judi takan ce yoga ba gasar taɓa yatsun ƙafa ba ce, koyon zama ne a inda kake. Ta ce hankalin mutum kullum yana jiya ko yana gobe, numfashi ne kaɗai ke nan yanzu, don haka shi ake bi a dawo gida. Maganar ta shige ni sosai, har ta wuce inda ya kamata. Cikin 'yan makonni na zama malamar kaina. Maigida na fama da rubutun bincikensa yana tsaki, sai in dafa kujerarsa in ce, “Ja numfashi, ka saki kafaɗa.” Bawan Allah, sai ya dube ni ya ce to.

Wannan sabon ilimin nawa na so Inna ta gani da idonta. Ta ce me za ta je yi wurin tsalle-tsallen mata. Na ce ba tsalle ba ne, kuma Ummi na buƙatar mai riƙe ta. Da sunan takwararta na ci galaba.

A mota na buɗe mata darasi. Na yi bayanin tsayuwar bishiya, na yi na zaman numfashi, sannan na zo kan wadda ake rufe aji da ita. Na ce sunanta shabasana, kuma da yake ba a tambaye ni ba, na fassara.

“Kwanciyar gawa ke nan, Inna. Jiki ya saki duniya gaba ɗaya, amma hankali yana farke. Ita ce mafi wuya, kuma Malama ta ce na iya ta.” (Malama ba ta ce haka ba. Cewa ta yi ina ƙoƙari.)

Inna ta gyara wa Ummi hula, ta ce, “Mai rai ya rasa abin kwaikwayo sai gawa? Allah ya kyauta.”

Da ina da hankalin da nake tallarsa, da na tuna cewa Inna na cikin matan da ake aikawa a kira in an yi rasuwar mace a unguwarsu. Ita ke wanka, ita ke suturtawa. Da na tuna tana zaune a asibiti ranar da likita ya auna jinina ya girgiza kai, kuma ba sai an iya Turanci ake fahimtar wannan ba. Da na kuma tuna cewa rabona da barcin kirki tun ranar suna.

Muka isa. Malama Judi ta haɗa tafin hannu ta ɗan rusuna, Inna ta ce mata sannu da aiki, aka ba ta benci kusa da ƙofa inda ake ajiye takalma. Ta goya Ummi ta zauna a bakin bencin, bayanta a miƙe.

Ranar na ba da himma fiye da kullum. Inda ake miƙa hannu na miƙa har kafaɗata ta yi ƙara. Da aka zo tsayuwar bishiya na ɗage ƙafa ɗaya na ƙame, cinyata na rawa, ina satar kallon benci ta wutsiyar ido. Inna tana duban silin. Na sake leƙawa, tana duban takalman mutane. Raina ya ɗan sosu, amma na ce bari a zo ta ƙarshen, nan za ta ga natsuwa.

Aka zo. Malama Judi ta rage fitila, ta sa kaset ɗinta na sarewa, muka kwanta rigingine a jere. Ita kuma, kamar yadda ta saba, ta riƙa bin mu ɗaya bayan ɗaya. Ta kama dugadugaina ta ja ta daidaita ƙafafuna. Ta miƙar da hannuwana a gefen jiki. Ta ɗora mini ɗan ƙunshi mai ƙamshi a kan idanu, sannan ta lulluɓe ni da bargo har haɓa. Bargunan ajin nan duk farare ne, ban taɓa lura ba sai daga baya.

Na tuna na ce wa kaina, yanzu ki bi numfashinki. Na bi shi kuwa, har inda ya kai ni.

Sauran labarin daga bakin matan ajin na tattara shi. Lokaci ya cika, Malama Judi ta kaɗa 'yar ƙararrawarta. Kowa ya motsa yatsu, ya juya gefe, ya tashi zaune a hankali. Shimfiɗa ɗaya ce ba ta motsa ba. Ni da kullum maigida ke yi wa tsiyar munshari, ranar ko ƙis ban yi ba. Malama Judi ta san mai jego ce, sai ta ɗora yatsa a leɓe ta yi wa sauran alamar a ƙyale ni. Matan suka juyo suna dubana da tausayi, shiru, kawuna a karkace.

Ku duba abin da idon Inna ya gani. An daidaita ƙafafu, an rufe ido, an lulluɓe da fari, an kira ba ta amsa ba, ga mata sun kewaye sun yi jugum.

Da takalmanta ta shigo, tana tsallake shimfiɗun mutane, tana salati da ƙarfi. Ta fizge bargon, ta yi jifa da ƙunshin ido, ta kama kafaɗuna tana jijjigawa. Sai ta kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, ba “ke” ba “waccan”, ta yi ta maimaita shi da wata murya da ban san tana da ita ba. Can cikin barci na ji shi, na ɗauka Goggo ce, sai dai Goggo ba ta taɓa kirana kamar za a ƙwace ni daga hannunta ba.

Kafin in gama tantancewa, ruwa ya sauka a fuskata. Tulun furannin Malama Judi ne da ke kan taga, Inna ta juye mini shi duka. Na zabura zaune na ƙwala ihu da Hausa, “Na kashe murhun! Wallahi na kashe!”

Ga ni nan dai, gwanar natsuwa. Miyau ya bushe a gefen bakina, ganyen fure manne a goshi, Ummi ta tsorata tana tsala kuka a bayan Inna, kukan kuma ya sa nono ya zubo ya jiƙa gaban rigata. Matan Irving Park sun zuba mana ido baki buɗe. Na so daɓen katakon nan ya tsage in faɗa kan kekunan da ke ƙasa.

Inna kuwa ba ta ga kowa ba. Ta tallabe fuskata da hannu biyu, babban yatsanta yana laluben jijiyar wuyana. Ban taɓa ganin idonta kusa haka ba. Sai da ta tabbata, sannan ta waiga ta ga jama'a, sannan ta tuna abin da ya fita daga bakinta. Ta saki fuskata kamar ta taɓa murfin tukunya, ta ja mayafi ta rufe baki. Mu biyu muka sunkuyar da kai, ni ina kunyar ruwa da miyau, ita tana kunyar sunana.

Malama Judi ta durƙusa ta tambaye ni a hankali me mahaifiyata ke ta faɗa. Na ce sunana ne. Ta gyaɗa kai kamar ba wani abu ba, don a wurinta uwa ta kira 'yarta ba labari ba ne. Ta kawo wa Inna ruwa a kofi, ta ce in gaya mata laifinta ne da ba ta yi bayani ba, kuma ita ma tana da 'ya a gari mai nisa. Wata daga cikin matan ta miƙo mini tawul, na ga ita ma tana share ido.

A hanyar gida danja ta tsayar da mu a Wendover. Inna na kallon taga ta ce, “Haka na daidaita ƙafafun Binta 'yar gidan Malam Sule. Ita ma ba ta daɗe da yin arba'in ba.”

Danja ta ba da hannu, na ja mota.

Can ta ƙara, “Ke, in barci kike ji, ki ba ni yarinyar ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa. Ba sai kin zo cikin mutane kin tsinka mini zuciya ba.”

Ni kuma da kwaɗayi, hawaye na zuba amma ban haƙura ba. Na ce, “Inna, me kika ce ne ɗazu? Ina barci, ban ji sosai ba.”

“Kalli hanya,” ta ce. Ta sake jan mayafin ta rufe baki, amma na ga kumatunta sun motsa.

Asabar ta gaba na koma ajin, bayan na yi ta kai-komo a bakin matakala. Babu wadda ta yi mini dariya, sai tambayar lafiyar Inna da suka yi ta yi. Malama Judi dai ta mayar da tulun furanninta can saman kabad. Inna ta koma Malumfashi da lokacinta ya yi, ta yi shekaru masu albarka bayan nan, kuma har Allah ya karɓi abarsa ba ta sake kiran sunana ba. Ban kuma sake nema ba.

Abin da na koya shi ne, ba kowace kalma ake fassara wa uwa ba, musamman in ba ta tambaya ba. Na kuma gane na ɓata ƙuruciyata ina tsayawa da ƙafa ɗaya a gaban matar nan don ta ce na iya, alhali duk abin da take nema a wurina shi ne in ci gaba da numfashi. Wannan kuwa, alhamdu lillahi, ko a barci na iya shi.