Ranar da Na Kira Sunan Kakanku

Ku matso kusa, jikokina, ku ba ni kunnuwanku. Mai gyangyaɗi a taɓa ta.

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kira sunan kakanku. Sau ɗaya tak na yi a rayuwata, kuma a gaban mutanen Agadas kaf.

Lokacin Nasara ba su daɗe da zama garin nan ba. Ni amarya ce, lallen hannuna ma bai gama gogewa ba. Kun san mace ba ta faɗin sunan mijinta. "Shi" nake cewa, ko "mai gidan nan". (Ni har na fi kowa iyayi: ɗan maƙwabta mai irin sunansa ma, laƙabi na sa masa.) Baduku ne mai ɗinkin takalma, amma in aka buga gangar kokowa, ba mai kai shi ƙasa.

Sai aka zo tsintar mazan da za su kora wa Nasara raƙuma zuwa Bilma, aka haɗa da shi. Hanyar nan, ko ayarin da ya san ta yana barin mutane cikin rairayi, balle wanda aka tasa ba a lokacinta ba. Kumandan, shugaban sojojin Nasara, kuwa mai son kokowa ne, an ce can wajensu har ƙasa da ƙasa ake karawa. Da ya ji labarin kakanku, ya sa mai fassara ya faɗa: in ya kayar da wani sojansa, mutumin Bambara, ya zauna gida. In an kayar da shi, ya bi raƙuma.

Da la'asar aka taru. Ina bayan surukata, na ja mayafi har hanci.

"Ke amarya, ki natsu," in ji ta. "Gidanmu ba a rawar kai."

"To, Inna."

Sojan nan dogo ne kamar iccen dabino. Suka kama, suka saki, suka sake kamawa. Can kakanku ya sa masa ƙafa ya murɗe, sai ga gwiwar soja a ƙasa, har da tafin hannu. A kokowarmu an gama ke nan. Makaɗa suka saki ganga.

Ni kuwa, sarauniyar kunya, ban san sa'ad da na tsallake Inna ba. Mayafi ya yi nasa wuri, takalmi ɗaya ya yi nasa. Na faɗa fage ina rangaɗa guɗa, na wage baki na kwaɗa masa kira. Da sunan yanka, ko sakayawa babu!

Ya waiwayo. Bai taɓa jin sunan nan a bakina ba. Ya saki hannuwa yana kallona, yana dariya kamar yaro.

Ashe kokowar Nasara ba irin tamu ba ce. Su sai kafaɗu biyu sun kwanta ƙasa. (Mai fassara ya ce daga baya wai ya ɗauka mun sani.) Soja ya miƙe, ya rungumo shi ta baya, ya maka shi da ƙasa, ya danne. Kumandan ya tafa.

Ga ni tsaye a tsakiyar fage, kai a buɗe, ƙafa ɗaya ba takalmi, guɗa ta maƙale a wuya. Wata tsohuwa ta ce, "Wannan kuma amaryar wane gida ce?" Inna ta zo ta yafa mini mayafinta, ta ja ni gida. Da ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Washegari da kakanku zai tafi, ya miƙo mini takalmin da na yar, ya ɗinke masa maɗauri. Ya rage murya ya ce, "Sake faɗa in ji."

Inna na tsakar gida tana tankaɗe. Na sunkuyar da kai. Kunyar da ta gudu jiya ta dawo ta toshe mini baki. Ya jira, ya jira, ya ɗauki salkarsa ya fita.

Kumandan an mayar da shi ƙasarsu. Sojan nan ya taɓa zuwa ƙofar gidanmu da dabino, ya kasa ɗaga ido. An ce zazzaɓi ya kashe shi a Damagaram. Inna ta rayu har ta goya babanku, ba ta taɓa tada mini zancen ba. Raƙuman sun dawo. Kakanku bai dawo ba.

Ni kuma ga ni. Tun ranar ba na guɗa sai na ga kowa ya kama hanyar gida. Ku 'yan mata, in za ku ajiye kunya, ku ajiye ta inda aka roƙe ku.

Sunan? Ku tambayi wanku, shi ya gaje shi. Ni Maigida nake ce masa.