Miyar da Ta Yi Kumfa

Ni fa kimiyyar sinadarai na karanta, don haka da matata ta yi tafiya na gayyato abokan ofis cin shinkafa da miya, ban nemi shawarar kowa ba. Na sayo tumatir a Zuba, na kai markaɗe, na ɗora. Da na ɗanɗana, tsami ya kama mini muƙamuƙi.

Maƙwabciyarmu Maman Rifkatu ta leƙo ta taga. "Oga, ka bar shi ya soyu, tsamin zai fita da kansa."

Na ce, "Madam, asid ne, kanwa ce maganinsa. Wannan fannina ne."

Na jiƙa kanwa cike da kofi, na juye duka. Miya ta taso da kumfa, ta ture murfi, ta kashe gas. Baƙina suka yi loma ɗai-ɗai, suka ji sabulu zalla, kowa ya tuna yana da mitin, ranar Asabar. Ni na cinye nawa har da ƙari, kuma har gobe ina nan kan bakana: tsamin ya mutu ko bai mutu ba?

Yanzu duk ranar wankinta sai Maman Rifkatu ta ƙwanƙwasa ƙofa. "Oga, sabuluna ya ƙare. Yau ba ka yin miya?"