Yadda Za Ka Ɗauki Hoton Jan Ganye Uwarka Tana Jira

Ni Man-su, shekara goma sha ɗaya ke nan duk kaka, lokacin da ganye ke yin ja, ina zuwa dajin Naejangsan na ƙasarmu Koriya da kyamara. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan za ka koma gida da hoto ɗari huɗu, ko da guda ɗaya tak aka roƙe ka.

1. Amsa da baki kawai

Uwarka za ta ce maka abin da tawa ta ce mini bara: "Man-su, ɗauke ni a cikin jan ganyen nan. Hoton nake so a kafa ranar jana'izata, ba na katin shaida ba, da na fito kamar wadda ta saci kaza." Ka ce to. Tsofaffinmu duk haka suke, da ransu suke zaɓen hoton makokinsu, wai yana ƙara tsawon kwana. Saboda haka babu gaggawa.

2. Shiga irin ta gwanaye

Sa rigar hawan dutse da sanduna biyu, duk da bas ce za ta sauke ku a bakin ƙofa. Jakar abinci kuwa bar wa tsohuwa, motsa jiki ne.

3. Kori duk mai rai

Rabin Koriya yana wurin ranar, kowa da jar hula. Don ganye ka zo, kada ka ji kunyar kowa.

"Umma, matsa gefe, kin tare mini bishiya."

"Bishiyar ce ta haife ka?"

Kada ka tanka. Mai fasaha ba ya gardama.

4. Jira haske

Za ta zauna a kan dutse, ta gyara mayafinta, ta ƙara jan baki har sau uku.

"Yanzu?"

"Saura kaɗan, hasken bai yi ba."

Sai rana ta faɗa bayan dutse ba sallama, direba ya fara danna hon. Ka ce a bari sai baɗi.

5. Tace hotunan a gida

Cikin ɗari huɗun, a guda ɗaya ta fito. Ta faɗo ne daga gefe, tana miƙo maka naɗin shinkafa, baki buɗe tana zaginka. Ya ɓata maka tsari, na sani. Kada ka goge. Ni kaina saura ƙiris in goge.

Gargaɗi

Duk abin da ya biyo baya babu ruwana, baɗi ba a hannuna take ba. Umma ta rasu a watan Afrilu, kuma wannan hoton muka kafa a tsakiyar fararen furanni. Masu ta'aziyya su durƙusa sau biyu, su ɗago kai, dariya ta ƙwace musu. Yayata Suk-ja ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ɗan banza, ko a nan ma abinci take miƙa maka."

Bana ma na je. Babu wanda ya tare mini bishiya, hotunan sun fito tsaf, kuma har yau na kasa buɗe ko ɗaya.