Littafin da Ban Cire Daga Leda Ba

Matso kusa, 'yar'uwa, wannan ba na faɗa da ƙarfi ba ne. Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka kira taron mata a Tarauni, nan cikin Kano, kan littattafan batsa da suka cika wayoyin 'ya'yanmu.

Ni da ko biki sai an ja ni, ranar na saka mayafi tun daga Gyaɗi-Gyaɗi na tari adaidaita. A jakata akwai wani littafi da maƙwabciyata ta ce ƙazanta ce zalla. Na saya don in kai hujja (karatun bokona na aji uku ne, sai ina bi da yatsa).

Zauren ya rabu biyu. Hajiya Binta, shugabar taron, ta ce a rubuta takarda a kai hukuma a hana su duka. Wata lauya ta ce, "Hajiya, in muka miƙa almakashin nan, har bakin macen da aka zalunta za a yanke da shi."

Sai na miƙe, na ɗaga littafin sama. "A fara da wannan! Wadda ta rubuta shi ba ta da tarbiyya!"

Wata siririyar yarinya a gefena, wadda ɗazu ta matsa mini na zauna, ta ce a hankali, "Inna, wane shafi ne ya ɓata miki rai?"

Na duba hannuna. Littafin yana cikin ledarsa, a liƙe, yadda mai shago ya ba ni. Kowa ya gani.

"Ni na rubuta," in ji yarinyar. "Labarin ƙanwata ne da abin da mai koya mata darasi a gida ya yi mata. Shekara biyu an ce mu yi shiru."

Ba wanda ya yi dariya. Wallahi da dariyar aka yi da ya fi mini sauƙi.

Hajiya Binta ta ja biro ta soke sunan littafin, wanda ta riga ta rubuta a takardar. Ni kuwa na koma gida na sa 'yata ta karanta mini shi, kwana huɗu, ina kuka tana dakatawa.

Har gobe ina ƙin batsa. Amma yanzu sai na yage leda kafin in buɗe baki. Ke fa, nawa kika yanke wa hukunci suna cikin ledarsu?